Gawo da Kututturen Gona

Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango a tsakiyar watan Agusta, ko ya ƙetare iyaka ya nufi Magarya da Matamaye, zai ga ƙasa ta yi kore shar iyakar ganinsa. Gero ya wuce kan mutum, wake ya shimfiɗa, kuka da ɗorawa kowacce ta cika da ganye. A tsakiyar wannan ni'ima kuwa sai ga wasu manyan itatuwa tsaye tsirara, rassansu fari-fari, ba ganye sai ƙaya, kamar gobara ta bi ta kansu. Baƙon da bai san ƙasar ba zai ɗauka matattu ne, har ya yi mamakin abin da ya hana masu gonakin su sare su su yi girki. In ya sake biyowa ta nan a watan Fabrairu, bayan hunturu ya kakkaɓe ganye, ƙasa ta yi ƙura, zai tarar labari ya juya. Itatuwan nan da ya yi wa kallon matattu su ne suka yi luf da ganye, awaki da tumaki da shanu sun taru a inuwarsu suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. Wannan shi ne gawo.

Manomi bai bar gawo a gonarsa don tausayi ba, ya san abin da yake samu. Saiwar gawo takan nitse ƙasa ƙwarai har ta tarar da ruwan da ke can ƙarƙashi, don haka bai dogara da abin da ya zubo daga sama ba. Ganyensa yakan zuba dab da saukar ruwan shuka, ya ruɓe a gindin gero ya zama taki. Tunda ba shi da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, ba ya kuma kokawa da ita a kan ɗan danshin da ke sama-sama. Dangin wake ne da gyaɗa, irin tsirran da saiwarsu ke ƙara wa ƙasa sinadarin da muke sayen buhun yuriya dominsa. Da rani kuma, dabbobin da suka yini a inuwarsa a nan suke barin kashinsu. Shi ya sa geron gindin gawo ya fi na sauran gona kauri da tsawon zangarniya. Magabata sun san haka sarai. Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya yi sarauta a ƙarni na 19, ya hana sare gawo a ƙasarsa, ya kuma sanya hukunci mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi.

Abin lura na farko ke nan. Darajar gawo ta fito ne daga saɓanin lokaci: yakan janye lokacin da kowa ke rububi, ya fito lokacin da kowa ya ƙare. Mu kuwa a sana'a da wurin aiki akasin haka muke yi. Mutum ɗaya ya kafa laima ya ajiye na'urar cire kuɗi a bakin layi, aka ga yana samu, kafin shekara ta zagayo laima ta cika layin, kowa na gadin ɗan'uwansa. Haka aka yi da sayar da katin waya, haka ake yi da adaidaita sahu. Muna ganin taron jama'a sai mu ɗauka alamar riba ce, alhali sau da yawa alama ce ta cewa an riga an raba ribar.

Masu tumatir a Kadawa da Kura sun san ɗacin wannan. Da rani, lokacin da kowa ke ɗiba, kwando yakan faɗi warwas, wani lokaci ma kuɗin mota ya fi kuɗin kaya. Wanda ya yanka nasa ya shanya ya yi kauɗa ya adana, idan damina ta kama, ɗanyen tumatir ya yi wuyar gani, shi ake bi har gida. Tela ma haka ne. Da azumi kowane keke yana kuka, har wanda bai iya yanka ba yana da aiki. Bambanci yakan fito bayan Sallah, lokacin da shago ya yi tsit. Wani ya shimfiɗa tabarma yana jiran wata Sallar, wani ya kwance kekensa ya gyara, ya je wurin wanda ya fi shi ya koyi sabon ɗinki, ya nemi kwangilar kayan 'yan makaranta tun kafin a koma hutu.

A ofis ma akwai damina da rani. Ranar da shugaba ya zo taro, kowa na neman a ji muryarsa. Amma akwai ayyukan da ba wanda ke so: rubuta bayanin taro, tsara tsofaffin fayiloli, koyon manhajar lissafin da kowa ke gudu, karɓar canjin aiki zuwa reshen da ke nesa da birni. Matashin da ya rungumi irin waɗannan, abokansa za su ce an rena masa hankali. Sai ranar da masu binciken kuɗi suka zo, ko aka nemi wanda ya san inda takardar shekara biyar da suka wuce take, sannan a gane cewa ma'aikatar ba ta motsi sai da shi.

Darasi na biyu ya fi wannan nauyi, kuma a ƙasar Maraɗi aka koye shi da tsada. Bayan farin da ya kai maƙura a 1973 da 1974, gwamnatoci da ƙungiyoyin agaji sun zuba kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa a Nijar da maƙwabtanta. Hankali ya nuna cewa idan itatuwa sun ƙare, magani shi ne a dasa sababbi. Aka buɗe wuraren reno, aka cika ledoji da darbejiya da turare, aka loda a motoci aka kai ƙauyuka. Yawancinsu ba su kai ko'ina ba. Zafi ya ƙona wasu, iska ta binne wasu da yashi, gara da awaki suka ƙarasa sauran.

A daidai wannan lokacin kuma, kowace bazara manoma na fita sassabe. Duk wani toho da ya fito daga kututture sai a sare shi, a tara, a cinna wuta. Manomi na ƙwarai a idon jama'a shi ne wanda gonarsa ta yi tas, ba ko tsinke. Doka ma ta taimaka wa gatari. Tun daga dokar gandun daji da Turawan Faransa suka kafa a 1935, itace ya zama na hukuma, kuma wannan tsari ya ci gaba bayan samun mulkin kai. Manomin da ya bar itace ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa ma'aikacin gandun daji, domin ranar da ya yanki reshe ana iya cin sa tara. Don haka hikima a wurinsa ita ce ya kashe shi tun yana ƙarami.

A 1983, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM a Maraɗi, yana kan hanyar ƙauye da kayan dashe a mota, zuciyarsa ta riga ta karaya da aikin. Kamar yadda ya sha ba da labari, ya tsaya ne ya rage iskar taya don motar ta iya ratsa yashi. Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan kurmi irin wanda ya saba wucewa kullum yana ɗaukarsa ciyawar banza. Da ya matsa ya dubi ganyen, sai ya gane toho ne na itacen da aka sare, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Ya ɗaga kai ya ga irinsa birjik a kowace gona: kalgo, sabara, magarya, aduwa, taramniya, gawo. Dajin da ake ta kashe kuɗi don a dawo da shi ashe bai tafi ko'ina ba, yana ƙarƙashin ƙafa, kowace shekara yana ƙoƙarin tashi, kowace shekara ana sare shi.

Aikin da ya biyo baya ba ya bukatar komai sai adda mai kaifi. Manomi ya zaɓi kututturen da yake so, ya duba tohon da ya fito, ya bar ƙarfafa ɗaya zuwa biyar, ya cire sauran, ya rage rassan gefe na ƙasa-ƙasa. Tunda saiwa ta daɗe da kafuwa, abincin da toho ashirin ke rabawa sai ya koma kan uku, su yi tsawon da dashe ba zai yi ba cikin shekaru. Wannan shi ake kira sassabin zamani a Nijar.

Ba a karɓe shi hannu bibbiyu ba. 'Yan tsirarun da suka fara gwadawa sun sha dariya, aka ce da su ƙazaman manoma, wasu ma aka bi dare aka sare musu itatuwan. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda mutanen yankin ke tunawa da sunan El-Buhari, domin ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, aka tsare kimanin itatuwa dubu 500. Da rabon ya ƙare, kusan kashi biyu cikin uku aka sake sarewa. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga abin da ba a taɓa gaya musu ba. Iskar farkon damina da ke binne shuka har a maimaita sau uku ko huɗu ta rage ƙarfi. Mata sun huta da doguwar tafiya neman itacen girki. Dabbobi sun sami ganye da rani, an sami abin kaiwa kasuwa lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Gani ya kori ji. Maƙwabci ya leƙa gonar maƙwabci, abin ya bazu daga baki zuwa baki.

Bayan kimanin shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan sun kwatanta hotunan sama na 1975 da na 2005, suka tarar ƙauyuka da yawa sun fi yawan itatuwa a lokacin da mutane suka ninku. Ƙiyasinsu ya nuna an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, da ƙarin hatsi wajen tan dubu 500 a shekara. A yankunan Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ne ya fi yawa, kuma manoman can sun yi yawancin aikin ne da sanin da suka gada, ba tare da wani shiri na waje ba. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso da ya farfaɗo da ƙeƙasasshiyar ƙasa da tsohuwar dabarar haƙa ramuka a zuba taki.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya dubi kansa. Sau nawa muke neman dashe alhali muna tsaye a kan kututture mai rai? Matashi ya gama digiri, aiki bai samu ba, sai ya shiga neman wata takardar shaida, daga wannan kwas zuwa wancan, kowanne da kuɗinsa. Amma a gidansu ya tashi ya ga ana dukanci, ko saƙa, ko kiwon kaji, ko fataucin hatsi. Hannunsa ya san aikin tun yana yaro, ya san masu kawo kaya, ya san masu saye, sunan mahaifinsa kaɗai ya isa a ba shi bashi a kasuwa. Wannan saiwa ce ta shekara talatin ko hamsin. Duk da haka kowace shekara yana sare ta da kunya, wai kada a ce mai digiri ya koma sana'ar gado. Da zai ɗora ilimin boko a kan wannan tushe, ya tsara lissafi, ya gyara marufi, ya tallata a waya, da ya wuce wanda ya fara daga sifili nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Shugabannin ma'aikatu su ma suna faɗawa wannan ramin. Aiki ya tsaya, sai a ce a ɗauko ƙwararre daga waje, a biya shi maƙudan kuɗi, ya zo ya yi wata uku yana tambayar abin da masinja da direba da akawu suka sani tun tuni. A cikin ma'aikatan akwai wanda ya taɓa kawo shawara aka gwale shi a gaban jama'a, ya yi shiru daga ranar. Akwai wadda ta iya abin da ba a taɓa tambayarta ba. Kafin a buga tallar neman sabon ma'aikaci, ya kamata shugaba ya zaga cikin nasa ya ga wane toho ne ya saba sarewa.

Sai maganar rage toho, wadda ita ce ta fi wuya a zuciya. Manomin da ke sassabin zamani ba matattun rassa yake cirewa ba. Rayayyu ne, kore shar, kowanne na iya zama itace. Yana cire su ne don ya san idan aka bar su duka, ba wanda zai wuce gwiwa. Mutane da yawa masu hazaƙa a nan suke maƙalewa. Ga aikin gwamnati, ga shagon kayan masarufi, ga gona, ga dillancin filaye, ga karatun yamma, ga shugabancin ƙungiya uku. Kowanne na da ɗan amfani, shi ya sa barinsa ke da ciwo. Shekara goma ta wuce, ba a san shi da ko ɗaya ba. Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Telan da ya karɓi ɗinki ɗari da azumi alhali ƙarfinsa na sittin ne, ya ci kuɗin arba'in ya sayar da sunansa. Wanda ya ce wa mai kaya, "Hajiya, ki yi haƙuri, na cika, ba zan ɗauki alkawarin da ba zan cika ba," ya rasa ciniki ɗaya a ranar, amma ita ce za ta kawo masa kaya tun watan Sha'aban a shekara mai zuwa, ta kuma turo 'yan uwanta.

Akwai kuma darasin da ke cikin itatuwan nan da aka sare bayan an daina rabon abinci. Abin da mutum ya yi don a ba shi wani abu, yakan tsaya ranar da aka daina bayarwa. Sassabin zamani bai kafu ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya rena nasa ne, zai yanki reshe ya sayar ba tare da fargabar tara ba. Maigidan da ke son yaran shagonsa su riƙe dukiyarsa da amana ya lura da wannan. Tsawa da sa ido suna aiki ne muddin yana tsaye a wurin. Yaron da ya san yana da kaso a riba, ya kuma san akwai ranar da za a sallame shi da jari, ba ya bukatar mai gadi. Tsofaffin 'yan kasuwar Kurmi da Kwari sun daɗe da sanin haka, shi ya sa yaran da suka yaye suka zama iyayen gidan wasu. Sakin hannu kaɗan yakan ƙara wa maigida ƙarfi, ko da yake zuciya na raya masa akasin haka.

Dole kuma a shirya wa surutu. Mutanen da aka kira ƙazaman manoma ba su da hujjar da za su nuna a shekarar farko, gonarsu dai ta fi ta kowa muni a ido. Duk wanda ya bar hanyar da aka saba zai ratsa irin wannan lokaci, inda asararsa ke bayyane, ribarsa kuwa ba ta iso ba tukuna. A nan yawancin mutane ke komawa cikin taro, domin kuskuren da aka yi tare da jama'a ba a zargin kowa a kansa. Addininmu ma ya riga ya gargaɗe mu cewa so da ƙin zuciya ba su ne ma'aunin alheri ba.

Sai dai kada wani ya fahimci maganar a karkace, ya mai da saɓa wa mutane ado. Gawo yana iya yin ganye da rani ne saboda saiwarsa ta kai ga ruwa. Itacen da ba shi da irin wannan saiwa, in ya zubar da ganye da damina, mutuwa ce kawai. Mai son ya bi hanyar da ba kowa a kanta, sai ya fara mallakar abin da zai riƙe shi: sanin sana'ar ciki da bai, ɗan ajiyar da zai ci kafin riba ta zo, da shawarar waɗanda suka riga shi. Manoman Maraɗi ba gona duka suka fara da ita ba. Wani yanki suka ware, suka ga sakamako, sannan suka faɗaɗa. Wanda ya ajiye aikinsa dare ɗaya don ya ji an ce masu nasara ba sa tsoro, caca ya yi. Ma'aunin ba shi ne yawan masu bi ko ƙarancinsu ba, shi ne ko ka fahimci dalilin da abin ke aiki.

Don haka shawarata ga ɗan'uwa da 'yar'uwa mai neman ci gaba ita ce a zauna da takarda da alƙalami kafin a sake kashe ko sisi a kan sabon abu. A rubuta abin da aka iya tun da daɗewa aka yi watsi da shi. A rubuta ayyukan da ake riƙe da su yanzu, a zaɓi biyu ko uku da za a ba ƙarfi, a sallami sauran cikin mutunci. A duba wane aiki ne kowa ke gudu a inda ake, a tambayi kai ko gudun na da dalili ko kuwa al'ada ce kawai. Sannan a gwada a ƙaramin wuri, a ba shi shekara guda, a auna da gaskiya. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya ba mu basirar gane alherin da ke hannunmu, Ya kuma sa albarka a cikin abin da muke nema.